Cikin gari da daddare: mai ziyara da mai kwana, wa ya fi sanin Jahun?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren Laraba. Wani abokin aikina ba shi da lafiya, na je dubiya gidansu a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi. Ni mutumin Misau ne, aiki ya kawo ni Bauchi, kuma tun zuwana a bayan gari nake zaune, ta wajen Miri a hanyar Jos. Cikin gari sai dai in ratsa shi a mota da rana. Wannan karon bayan Magariba na shiga, na ajiye mota a bakin titi don lungun ba zai ɗauke ta ba, na taka da ƙafa.

Wallahi ban taɓa sanin haka garin nan yake da rai ba. A lungu ɗaya kaɗai ga mai shayi yana ta fasa ƙwai, ga tela ya duƙufa kan keke da fitilar caji a goshi, ga wata dattijuwa tana suyar awara a ƙofar gida yara sun kewaye ta da kwanuka, ga karatun allo yana tashi daga wani soro, ga dattawa a kan tabarma suna jiran kiran Isha'i. Ban gama waige-waige ba wani ya ce mini, "Malam, gidan wa kake nema?" Ina faɗa, ya ƙwala wa wani yaro kira ya ce ya kai ni. Yaron nan har soro ya raka ni, na miƙa masa wani abu ya ƙi karɓa.

Da na koma layinmu sai na ji wani iri. Katanga doguwa, waya a samanta, kowane get a rufe, ba abin da kake ji sai janareta. Maƙwabcina na dama matarsa ta haihu, sai bayan suna muka samu labari. Tambayata ita ce: me ya sa duk wanda Allah ya ɗan buɗa masa sai ya gudu daga cikin gari? Anya ba mu cuci 'ya'yanmu ba?

Ɗan Jahun:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Malam, mun ji daɗin yabon, amma ka zo da rani ne, da daddare, ka ga shayi da awara ka tafi. Ka dawo cikin watan Agusta bayan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan lungun da ka taka, sai ka naɗe wando har gwiwa. Kwata ta cika da leda, ruwan ya rasa hanya, sai ya shigo mana tsakar gida. Ni tela ne, a nan aka haife ni, a nan nake ɗinki, kuma ba na son barin unguwar nan. Amma kada a ce mana muna cikin daula.

Maman Walida:
Ku maza abin da ke waje kuke gani. Baban Ilham, da ka ga rai a lungu, rabinsa daga cikin gidaje yake fitowa. Awarar nan da ka gani, tun Azahar ake jiƙon waken suya, a kai niƙa, a tace, a dafa. Ni masa nake yi. Da yamma nake jiƙa shinkafa, a kai inji, in haɗa ƙullu ya kwana yana tashi, kafin assalatu na hura gawayi na ɗora tanda. Kafin yara su tafi makaranta na sayar da rabi ba tare da na leƙa ko ƙofar gida ba, saboda kowa ya san gidan. Ƙanwata da aka kai wata sabuwar unguwa ta wajen Inkil ta fi ni iya suya, amma ta daina, don ba mai ƙwanƙwasa get ya ce a ba shi masar ɗari biyu. Ga ɗaki mai tayil, ga famfo a banɗaki, amma ko kuɗin kati sai ta jira miji.

Abu Sumayya:
Maman Walida kin faɗi gaskiya, amma ki faɗi ɗayan gefen. Yaran da ake ɗora wa tallar fa? Wasu har ƙarfe goma na dare suna yawo da faranti.

Maman Walida:
Ni ban ɗora wa 'yata talla ba, Malam, kuma ba na goyon baya. Shi ya sa na ce maka a gida nake sayarwa. Inda mutane suke da yawa, mai saye ne ke zuwa wurinka. Talla ta fi yawa inda ba kowa kusa, dole a ɗauki kaya a kai bakin titi ko tasha.

Kawu Tsohon Hedimasta:
Yarana, bari in sa baki. Abin da Baban Ilham ya gani ba jiya aka fara shi ba. Sarki Yakubu ya kafa garin nan a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, aka yi ƙofofi: Wunti, Ran, Jahun, Nasarawa, Wase, Dumi, Inkil, Tirwun, Wambai. Duk wanda ke cikin ganuwa, wurin kwanansa da wurin sana'arsa da masallacinsa da makarantar 'ya'yansa duk a taku kaɗan suke. Marina suna Karofi, maƙera suna nasu wurin, mahauta haka, malamai kowa da soronsa. Mutum ba ya fita unguwa da safe ya bar ta wayam, saboda abincinsa a nan yake.

Turawa da suka zo a 1902 sai suka yi nasu zaman can gefe, gida a tsakiyar fili, ofis daban, kasuwa daban. Da aka yi jiha a 1976 Bauchi ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, aka shiga gina musu gidaje a kan wancan tsarin. Mu da muka yi aikin gwamnati a lokacin, burin kowa ya samu kwatas ya fita daga lungu. Na samu, na zauna, kuma da na yi ritaya na komo gidan mahaifina. Dalilina ɗaya: ranar da ciwo ya kayar da ni cikin dare, kafin ɗana ya nemo Keke Napep maƙwabta sun cika tsakar gida.

Baban Ilham:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Kawu. Abin da nake nufi ke nan.

Anti Nas:
Kawu, da girmanka, amma ni zan ɗan saɓa. A cikin gari na tashi, kuma ni ce na matsa wa maigidana muka fita. Gidanmu na gado ne. Kakanmu ya gina shi don iyalinsa, yau jikoki da tattaɓa-kunne ne a ciki, kowa ya yanki ɗaki da rumfa. Tsakar gidan da muke wasan gaɗa a ciki muna yara yanzu ɗakuna ne. Masai ɗaya, rijiya ɗaya, kuma tsakaninsu bai kai yadda ya kamata ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A 2021 da amai da gudawa ya ɓarke, Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi muni, kuma na ga irin gidajen da ake kawo mana marasa lafiya daga cikinsu. Mutum huɗu, biyar daga gida ɗaya. Ba ƙazanta ce ta mutane ba, matan nan suna shara suna wanke-wanke dare da rana. Wuri ne ya yi kaɗan, ruwa mai tsabta kuma sai an saya wurin 'yan ga-ruwa, ba ka san inda suka ɗebo ba.

Ina kewar unguwarmu, duk Juma'a ina can. Amma ba zan mayar da yarana su kwana takwas a ɗaki ɗaya don su koyi gaisuwa ba.

Ɗan Jahun:
Anti, wannan ita ce maganar. Rabon gado ne ya fi komai matse mu. Ba wanda yake son sayar da rabonsa, ba wanda yake da kuɗin sayen na ɗan'uwansa, sai a ja bulo a tsakiya.

'Yar Poly:
Ni dai in ana maganar unguwa mai rai a Bauchi ba a ambaci Gwallameji da Yelwa ba, ba a gama ba. Ku zo da yamma ku gani. Ɗaliban Poly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), masu gasa masara, masu kifi, masu cajin waya, masu POS, shagunan buga takardu har dare. Za ka ji Hausa, ka ji Sayanci, ka ji Jaranci, ka ji Fulatanci, ka ji Turancin buroka, duk a teburin mai indomi ɗaya.

Kawu Tsohon Hedimasta:
'Yata, wannan ma rai ne, ban musa ba. Amma ki lura da wurin idan an yi hutu ko yajin aiki.

'Yar Poly:
Gaskiya ne Baba, lokacin hutu masu shago har kuka suke yi. Amma akwai 'yan asalin wurin, su ba sa zuwa ko'ina, kuma su ne suke riƙe mu. Matar da muke haya a gidanta, in ba ta ga ɗayanmu ba kwana ɗaya sai ta buga ƙofa.

Na Bolari:
Gaisuwa daga Gombe. Mu ma labarin ɗaya ne. Tun da aka ba mu jiha a 1996 gari yake ta faɗaɗa, masu hali suna komawa Tumfure da sabbin unguwanni, amma in kana son ganin Gombe sai ka shiga Jekadafari ko Bolari ko Herwagana bayan Isha'i. Mu namu ƙarin ciwon zaizayar ƙasa ce, kwari yana cin gidaje kowace damina. Abin da na lura, wanda ya koma Tumfure ranar suna ko ɗaurin aure a tsohuwar unguwa yake yi, don ya san can ne za a cika.

Abu Sumayya:
Ba wanda ya taɓo tsaro. Baban Ilham, ka gode Allah ka fito da wayarka. 'Yan sara-suka fa?

Ɗan Jahun:
Abu Sumayya, ka iya bakinka. Wannan maganar ce take ɓata mana rai, a riƙa yi wa unguwa guda kuɗin goro. Sara-suka matsala ce ta garin nan gaba ɗaya, ba ta unguwa ɗaya ba, kuma ba mu ɓoye ta. Yaranmu ne, wasu mun san iyayensu, shaye-shaye da zaman banza da 'yan siyasa suka lalata su. Amma ka tambayi kanka, me ya sa aka tare Baban Ilham aka tambaye shi gidan wa yake nema? Karamci ne, kuma tsaro ne. Baƙuwar fuska ba ta wuce layinmu ba a san inda ta nufa ba. Muna da 'yan kwamiti, kowane gida yana ba da abin da ya sawwaƙa, ga mai unguwa. A sabbin unguwanni fa, ɓarawo zai yi parking a ƙofar gida da rana tsaka ya kwashe kaya, maƙwabci ya ɗauka tashi ake yi.

Abu Sumayya:
Ban ce kowa ɓata-gari ne ba, ɗan'uwa. Allah ya huci zuciyarka. Amma baƙo ya san lokacin shiga da lokacin fita, wannan ba zagi ba ne.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi hattara, kada a kama sunan wata unguwa da mugun abu. A ci gaba.

Hajiya Babba:
Tun da maganar baƙi ta taso, ina da ƙorafi. Yanzu an shigo da wata ɗabi'a, matasa su shigo lungu da waya a sama suna ɗaukar bidiyo don TikTok da Facebook. Kwanaki wasu suka tsaya a kan wata baiwar Allah tana tuyar ƙosai, ba sallama ba neman izini, washegari sai ga ta a waya ana ta yaɗawa, an rubuta wai ga rayuwar talakawa. Matar nan da mijinta da surukanta, kwana ta yi tana kuka. Unguwa gidan mutane ce. In ka zo, ka yi sallama, ka gaida dattawan da ke bakin masallaci, ka rage gudu in da abin hawa kake don yara suna fitowa a guje, kada ka leƙa gidan da aka ɗaga labule, kuma in za ka ɗauki hoto ka tambaya. In ka ga abin sayarwa ka saya, kada ka tsaya kallo kawai. Baban Ilham, ba da kai nake ba, kai dubiya ta kawo ka.

Baban Ilham:
Na fahimta, Hajiya. Ban ɗauki hoton kowa ba. Awara dai na saya, kuma yara sun ce in koma.

Injiniya:
Na karanta duka, bari in kawo nawa a matsayin wanda aikinsa awon fili ne. Ana ta magana kamar zaɓi biyu ne kawai: ko lungu mai mutane da kwata a toshe, ko layi mai tsabta da ba kowa. Ba haka ba ne. Mu ne muke yanka sabbin unguwannin nan, kuma na san yadda ake yi. Mai gona ya kira ka, ya ce a fitar masa da fulotai masu faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari iya yadda za su fitu. In ka ce a bar wurin makaranta, wurin 'yar kasuwa, filin da yara za su buga ƙwallo, sai ya ce kana so ka cinye masa kuɗi. Da ƙyar ake barin na masallaci. Wanda ya saya kuma, abin da yake fara yi shi ne katanga, tun kafin ya haƙa tushen ɗaki. Ba soro, ba dakali, ba bishiya a waje. To ina mutum zai zauna har ya ga maƙwabcinsa? Ba halin mutane ne ya canza ba. Baban Ilham da ya ji daɗin Jahun ai shi ne dai yake zaune a Miri. Wurin haɗuwa ne ba a bar musu ba.

Na taɓa auna wa wani dattijo fili ta hanyar Dass. Ya ce in ja katangarsa baya da taku uku, ya yi dakali, ya dasa dalbejiya biyu, ya fitar da famfo ɗaya waje daga rijiyar burtsatsensa. Yau duk layin a ƙofar gidansa ake zama, mai kayan miya ma a nan yake tsayawa da baro.

Cikin gari kuma abin da yake buƙata ba rusau ba ne. Magudanar ruwa ce da aka haɗa ta daga sama har ƙasa, ba kowa ya gina ta ƙofar gidansa yadda ya ga dama ba. Sai bututun ruwan famfo na madatsar Gubi ya shiga lunguna, a raba shi da kwata, don inda bututu ya fashe a cikin kwata nan ciwon da Anti ta faɗa yake farawa. Sai wurin zuba shara da mota za ta iya kaiwa gare shi. An yi gadar sama a Wunti, an faɗaɗa manyan tituna, mun gani mun yaba. Amma mai zama a lungu, aikin da zai taɓa rayuwarsa ƙarami ne, ba ya fitowa a hoto.

Anti Nas:
Injiniya, Allah ya biya ka. Da an yi wannan tun da, da ban fita ba.

Ɗan Jahun:
Na yarda da kusan duka. Amma ka ce mota ta iya shiga. Lungunmu Keke Napep ma da dabara yake wucewa. Ta ina?

Injiniya:
Nan ne wurin da ba daɗi. Dole wasu gidaje su ba da taku biyu ko uku. Ka tuna ranar da gobara za ta tashi, Allah ya kiyaye, ko mai naƙuda cikin dare. Motar kashe gobara a bakin titi za ta tsaya.

Ɗan Jahun:
Taku ukun nan da kake faɗa, a gidanmu soro ne. A nan mahaifina ya karantar, a nan nake ɗinki, a nan ake ɗaura auren 'yan gidan, a nan ake zaman makoki. In ka cire shi ka ba mu kwalta, ka mayar da mu irin layin Baban Ilham, sai dai mu namu ba fili. Kuma diyyar da ake bayarwa ba ta sayen ko rabin fuloti a kusa, sai mutum ya tsinci kansa a bayan Birshi, nesa da masu kawo masa ɗinki.

Maman Walida:
Ni ma ɗakin da nake suya a bakin lungu yake.

Kawu Tsohon Hedimasta:
Injiniya, a da in za a gyara hanya ko a yashe kwata, mai unguwa ne yake tara masu gidaje, a yi gayya, kowa ya fito da fatanya da kwando. Wanda zai ba da wuri a gaban jama'a yake bayarwa, a gode masa, a taya shi gyara bangonsa. Ba jan fenti ake zuwa a shafa masa a bango da safe ba. In da za a bi ta wannan hanyar, za ka sha mamakin abin da mutane za su yarda da shi.

Injiniya:
Na karɓa, Kawu. Kuma ba kowane lungu ne sai an faɗaɗa ba. In aka samu ɗaya a cikin huɗu ko biyar da mota za ta shiga, sauran a yi musu kwata mai murfi a shimfiɗa intalok, ya wadatar. Wani wurin ma ba soro za a taɓa ba, kangon da ya rushe ne ko bayan gida da aka turo cikin hanya. Sai an zo an gani da ido.

Baban Ilham:
Ni kuma maganar dakali ta shige ni. Katangata ta riga ta tsaya, amma akwai wuri a gabanta. Injiniya, dalbejiya ba ta fasa tushen katanga?

Injiniya:
Tana yi in ka matsa ta da bango. Ka ba ta tazara sosai, ka haƙa rami mai zurfi don saiwar ta yi ƙasa, kuma ka dasa da farkon damina. Ka kewaye ta da kara ko tsohuwar taya saboda awaki.

Ɗan Jahun:
To Injiniya, ni zan sami mai unguwa bayan sallar Juma'a a kan maganar kwata, don damina ta kusa. Amma ba zan je masa da zancen taku uku ni kaɗai ba. Ka zo da tef ɗinka ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, mu bi lungun tun daga bakin titi har inda ruwan yake taruwa. Kawu, in jiki ya yarda, muna so ka kasance, dattawan sun fi jin maganarka.

Kawu Tsohon Hedimasta:
In Allah ya kai mu. A turo yaro ya ɗauke ni a mashin, ƙafar ba ta son tafiya mai nisa.

Maman Walida:
Ku biyo ta ƙofar gidanmu, nan ne ruwan ya fi tsayawa. Zan sa maigidan ya jira ku.